Gina Gidan Iyali a Gangaren Dutse: Abin da Ƙasar Gadarif ke Koyarwa

Wanda ya taso daga Hartum ya nufi gabas ta hanyar Wad Madani, sai ya ci kilomita wajen 410 kafin ya shiga Gadarif. Mafi yawan tafiyar a kan shimfiɗaɗɗiyar baƙar ƙasa ce, gonakin dawa da na riɗi iyakar ganin ido, har sai an kusa isa sannan ƙananan duwatsu su bayyana kewaye da garin. Duwatsun nan wani ɓangare ne na doron tudu da ya miƙa kudu maso gabas zuwa Gallabat a bakin iyakar Habasha, kuma shi ne ya raba ruwan da ke gangarawa kogin Atbara da wanda ke gangarawa kogin Rahad. A da ana kiran garin Kasuwar Abu Sin. Jirgin ƙasa ya iso shi daga Kasala a 1928, aka fara noma da tarakta a Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940, daga nan ya zama rumbun hatsin Sudan.

Masu karatunmu da yawa suna da dangi a can. Tun kafin yaƙin Burmi na 1903 mahajjata daga ƙasar Hausa suke ratsa wannan yanki a ƙafa, suna yada zango su yi noma su tara guzuri. Bayan Burmi, jama'ar da suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, sannan zuriyarsu da waɗanda suka biyo baya suka bazu har Gadarif da ƙauyukanta. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ƙara cika jihar da jama'a: da Wad Madani ta faɗi a Disamban wannan shekara, Sinja kuma ta biyo baya a tsakiyar 2024, dubban ɗaruruwan mutane suka kwararo. Wasu sun koma gida bayan da sojoji suka karɓe Wad Madani a Janairun 2025, wasu sun zauna. Duk garin da ya cika haka, filin da ke saura ga mai ƙaramin ƙarfi shi ne wanda aka daɗe ana gudu, wato bakin korama ko gefen dutse. Shi ya sa muka ga ya dace mu tattauna yadda ake tsara gidan iyali na zamani a fili mai gangare da itatuwa. Abin da za mu faɗa ya shafi mai fili a Adar, ko Dogon Dutsi, ko tsakanin duwatsun Damagaram, kamar yadda ya shafi ɗan'uwanmu na Gadarif.

Laka a ƙasa, dutse a sama

Baƙo yakan yi mamakin yadda gari mai arzikin riɗi da ƙaro ya daɗe cike da bukkokin ciyawa masu tsinin kai, waɗanda mutanen can ke kira guɗɗiyya. Sai ya ɗauka talauci ne kawai. Akwai talauci, amma akwai kuma ƙasar kanta. Baƙar lakar Gadarif irin wadda mutanen Barno ke kira firgi ce: da damina tana shan ruwa ta kumbura, da rani ta bushe ta tsuke ta dare, har mutum ya iya zura hannu cikin tsagar. Ginin bulo da aka ɗora a kanta da ɗan gajeren tushe yakan bi wannan motsi, gefe guda ya ɗaga, gefe guda ya sauka, sai bango ya tsage daga kusurwar taga zuwa sama, ƙofa ta ƙi rufuwa, daɓe ya yi doro. Bukka kuwa ba ta da nauyi, ba ta da kusurwa, tana lanƙwasawa tare da ƙasar. Masu binciken gine-gine da hanyoyi a Jami'ar Hartum sun shafe shekaru suna nazarin wannan laka, kuma dabarun da aka fi dogara da su ba su da yawa: ko a kwashe lakar a cike gurbinta da tsakuwa da yashi, ko a haƙa ramuka masu zurfi a zuba ginshiƙan kankare da rodi har su wuce inda danshi ke canzawa, sannan a ɗora gidan a kansu a bar sarari tsakanin daɓe da ƙasa domin laka ta sami wurin kumbura. Dukkansu suna cin kuɗi.

To, a nan ne gefen dutse yake da wata falala da ba a cika lura da ita ba. A can sama ƙasar ba ta da kauri, tsakuwa ce da baƙin dutse, kuma tushen da ya zauna a kan dutse ba ya motsi. Sai dai fili ɗaya yakan haɗa iri biyu, sama dutse, ƙasa kuma laka da ruwan shekaru ya wanko ya tara a gindin gangaren. Gidan da rabinsa ke kan dutse rabinsa kan laka ya fi kowane gida saurin tsagewa, domin ɓangare ɗaya yana tsaye cik, ɗayan yana hawa da sauka. Don haka kafin a zana ko da ɗaki guda, a haƙa ramin gwaji a kowace kusurwa ta inda ake son ginin da kuma tsakiya, a duba da ido abin da ke ƙasa. Kuɗin leburan kwana biyu ne.

Awon gangare ba ya bukatar na'ura. Siririn tiyo mai garai-garai a cika shi da ruwa, sanduna biyu da igiyar mita 10 sun isa, tun da ruwa a bakin tiyon biyu kullum daidai yake tsayawa. Idan a cikin mita 10 ƙasa ta sauka mita 1, gangaren mai sauƙi ne. Idan ta sauka mita 2, to gida mai tsawon mita 15 da aka miƙa daga sama zuwa ƙasa zai sami bambancin mita 3 tsakanin kansa da ƙafarsa, wato tsayin ɗaki guda cur.

Abin da yawancin mutane ke yi a nan shi ne su kira motar tura ƙasa ta yanke sama ta zuba a ƙasa, fili ya zama kamar faranti. Mu dai ba mu goyon bayan wannan. Ƙasar da aka zuba ba ta kai ta asali ƙarfi ba ko da an daddaɓe ta, za ta ci gaba da zama shekara da shekaru, ga kuma doguwar gaɓa da aka bari a bayan gida tana jiran damina. Ya fi kyau gidan ya bi gangaren hawa-hawa kamar matakala: dakali biyu ko uku, kowanne da gajeriyar katangar tokare ƙasa da ba ta wuce mita ɗaya ba, ɗakuna kuma su miƙe a kwance bisa faɗin gangaren. Kowane tushe ya sauka har ƙasar asali. Katangar tokare da ta haura mita ɗaya da rabi kuwa ta fi ƙarfin ƙiyasin magini, sai injiniya ya lissafa ta.

Ruwa daga sama

Ruwan da Gadarif ke samu a shekara wajen milimita 600 ne, ya fi haka idan aka yi kudu wajen Doka da Gallabat, kuma kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin Yuni da Oktoba, sau da yawa kamar da bakin ƙwarya. Koramar Abu Farga da ta ratsa garin takan wuni a bushe, ta kwana tana cin gidaje. A gaɓar Atbara da Setit kuwa akwai ƙasar da suke kira karab, wadda ruwa ya yayyanka ta zama kwazazzabai. Wanda ya gan ta ya ga abin da ke faruwa da gangaren da aka tuɓe wa sutura. Mutanen Maradi ma ba sa bukatar a ba su labari, tun da ambaliyar 1945 ce ta sa aka tashi tsohon gari daga bakin Gulbi aka hau tudu.

Katangar tokare ba nauyin ƙasa ke kayar da ita ba sau da yawa, ruwan da ya taru a bayanta ne. Saboda haka a cika bayanta da tsakuwa, a bar mata rariya kowace mita ɗaya ko biyu a can ƙasa. Inda dutse yake a yalwace, kejin waya da ake cikawa da duwatsu, irin wanda aka yi amfani da shi a aikin raya karkara na Keita tun daga 1984, ya fi bangon siminti dacewa: ruwa yana ratsa shi, yana kuma jure ɗan motsin ƙasa ba tare da ya karye ba. A saman fili, kafin ruwan dutse ya iso bayan ɗakuna, a yanka lambatu a kwance a jere shi da dutse, ya kwashe ruwan ya zagaya da shi gefe. Kewayen ginin kuma a yi daɓe mai faɗin mita ɗaya da rabi zuwa biyu, mai ɗan karkata waje, domin gindin bango ya zauna da danshi iri ɗaya rani da damina. Duk ƙasar da aka tone ta zama tsirara a dasa mata jema ko gamba a layi-layi kafin ruwan fari.

Abin mamaki, garin da ruwa ke yi wa ɓarna da damina shi ne garin da ya shahara da ƙishirwa da bazara. An daɗe ana jawo masa ruwa da bututu daga Shuwak a bakin Atbara, tafiyar kilomita wajen 70, unguwanni da yawa kuma suna saye daga masu amalanken jaki. Bari mu yi lissafi. Rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 100, a shekarar da aka yi ruwan milimita 600, yana karɓar lita 60,000. Ko an cire kashi ɗaya cikin biyar na asara, saura lita 48,000, wato duro 240. Gida mai mutum goma da ke cin duro ɗaya a rana, ruwan wata takwas ke nan yake zuba daga indararo ya tafi yana cin gindin katanga. Ba kowa ke da halin gina tankin da zai ɗauke shi duka ba, amma ko na lita 10,000 ya rage wahala. Mai gangare yana da sa'a guda: idan aka tara ruwan ɗakunan sama a tankin da ke dakalin tsakiya, zai gangaro madafa da wurin wanka da ke ƙasa ba tare da injin ba. A dai nisanta tankin daga tushen ɗaki, domin tanki mai yoyo a kan laka ya fi damina ɓarna.

Itatuwan da aka tarar

Dazuzzukan Gadarif sun sha wuya. Noman tarakta ya share miliyoyin kadada, gawayi ya ci nasa rabo, duk da cewa dokar gandun daji ta Sudan ta wajabta wa mai babbar gonar damina ya bar kashi 10 cikin ɗari na filinsa ga itatuwa. Abin da ya rage yana cikin gandun gwamnati irin na Rawashda, da kuma gefen duwatsu inda tarakta ba ta iya hawa. A irin waɗannan wurare ake tarar da dushe, wanda suke kira ɗalha, da dakwara mai ba da ƙaro, da aduwa, da magarya, can kudu kuma har da marke. Saiwoyinsu ne ke riƙe da 'yar ƙasar da ke kan dutsen. A ranar 14 ga Agustan 2017 wani ɓangare na dutsen da ke bayan Firitawun, babban birnin Saliyo, ya zaftaro a kan unguwar Rijent bayan kwanaki ana ruwa, mutum fiye da dubu suka mutu ko suka ɓace. An daɗe ana sare dajin wannan gangare ana gina gidaje. Duwatsun Gadarif ba su kai wancan tsayi ba, ruwanta ma bai kai ba, amma hanyar ɓarnar ɗaya ce.

Sai dai al'amarin itace a kan laka yana da fuska biyu, kuma a nan ne muke so mai gini ya natsu. Babban itace yana zuƙar ruwa mai yawa da rani. Idan yana kusa da bango, sai ƙasar wannan gefe ta fi sauran bushewa, ta tsuke, kusurwar ɗakin ta sauka. Turawan Ingila sun ga haka a fili a farin 1976, lokacin da gidaje masu yawa da ke kan laka suka tsattsage, galibi waɗanda ke kusa da manyan itatuwa. Mai gaggawa zai ce to a sare. Nan ma akwai tarko: ƙasar da itace ya shekara talatin yana busarwa, ranar da aka sare shi za ta fara shan ruwa tana kumbura, kuma takan ɗauki shekaru da dama kafin ta tsaya. Wanda ya sare yau ya zuba tushe gobe a kan gurbin, ginin zai ɗaga a ƙarƙashinsa.

Hanyar da ta fi aminci ita ce a zana itatuwan a takarda tun kafin a zana ɗakuna, a zaɓi waɗanda za su zauna, sannan gidan ya nemi wuri a tsakaninsu. A kan laka, a bar tazara tsakanin bango da itace gwargwadon tsayin da itacen zai kai idan ya girma. A kan dutse ana iya matsowa. Darbejiya da turare, waɗanda mutane ke son dasawa saboda saurin girma, suna cikin masu yawan shan ruwa, wurinsu can bakin katangar waje. Itacen da aka bari kuma a kare shi lokacin aiki, domin yawancin saiwoyinsa suna cikin ƙasar sama, ba su kai zurfin mita ɗaya ba. Magina a Ingila suna auna kaurin gindi su ninka sau 12: gindi mai kaurin santimita 50, sai a kewaye shi da shinge mita 6 ta kowane gefe. Cikin wannan da'ira ba a haƙa, ba a kwaɓa siminti, ba a tara ƙasa a jikin gindi. Itacen da aka yi wa haka ba ya mutuwa nan take, sai bayan shekara biyu ko uku, lokacin da kowa ya manta dalili. Af, kada a yi sha'awar dushen da aka sare a sa shi a rufi. Ƙwaro na cin sa da wuri, shi ya sa matan Sudan suka fi sanin sa a turaren hayaƙi.

Tsakar gida da idon maƙwabci

Gidan Bahaushe a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa yana samun sutura da katanga da zaure. A gangare katanga ba ta wadatarwa. Idan hanya tana sama da gida, mai wucewa yana kallon tsakar gida kamar yana kallon cikin kwano. Maganinsa a jera ɗakuna a gefen sama su juya wa hanya baya, su kansu su zama katangar, a bar aduwa ko magarya ta yi wa tsakar gida laima. Idan kuwa gidanka ne a sama, to kai ne abin tsoro ga na ƙasa. Malaman Malikiyya sun yi dogon bayani a kan wannan. Wani gwanin magini na Tunis a ƙarni na 14, Ibnur Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba rigingimun gini, ya tattara hukunce-hukuncen a littafinsa Al-I'ilan bi Ahkamil Bunyan: taga ko ƙofar da ke leƙa gidan wani, da ruwan da ake sakar wa maƙwabci, duk suna ciki. Ma'aunin da suka bi shi ne hana cutarwa. A aikace, tagar da ke fuskantar gidan ƙasa a ɗaga ta sama da tsayin ido, rufin da ake hawa a yi masa bango, ruwan lambatu kuma a kai shi magudanar unguwa ko korama. Wanda ya tara ruwan filinsa duka ya sake shi ta rariya ɗaya a bayan ɗakin maƙwabci, ya ja wa kansa shari'a ko da ba a kai shi gaban alƙali ba.

Masai ma haka. Wurinsa ƙasa da ɗakuna da tanki, nesa da kowace rijiya da aƙalla mita 30, amma a tuna ƙasan filinka saman filin wani ne. Laka ba ta tsotse ruwa da sauri, ramin da aka haƙa a cikinta yakan cika ya rufta da damina idan ba a gina cikinsa ba. Tun a takarda ake daidaita fuskarsa ya kauce wa alƙibla, wadda daga Gadarif take arewa maso gabas.

Rabon dakali kuwa, a tambayi uwargida kafin a tambayi mai zane. Ita ce za ta hau ta sauka sau hamsin a rana da tukunya a hannu da goyo a baya. Madafa, wurin ruwa da rumfar da ake wuni su zauna a dakali ɗaya. Ɗakin tsohuwa ko tsoho ya kasance a inda ake shiga ba tare da taka matakala ba, kusa da makewayi. Zaure, ko diwan kamar yadda ake ce masa a can, ya tsaya a bakin hanya da ƙofarsa, baƙo ya shiga ya fita bai ratsa gida ba. Kowace matakala kada ta wuce santimita 17 a tsayi, kuma su zama daidai da juna, domin wadda ta bambanta da 'yan'uwanta ita ke kayar da mutum da dare. Bakin kowane dakali a yi masa ɗan bango saboda masu rarrafe.

Zafin Gadarif daga Maris zuwa Mayu yakan haura digiri 40. Gangaren da ke fuskantar yamma shi ne mafi wuya, rana tana dukan fuskar gidan tun daga azahar. A nan baranda mai zurfi da itatuwan gefen yamma sun fi kowace fanka amfani. Rufin kwano a yi masa silin da ƙofofin iska a sama, a kuma ɗaure shi da ƙarfe a jikin bango. Guguwar farkon damina a 2021 ta yayyage tantuna masu yawa a sansanin Tunaidba, inda aka sauke 'yan gudun hijirar Tigirai, kuma gidan da ke kan tudu ya fi kowa shan iska. Masu hali da yawa a Gadarif ba su rabu da guɗɗiyya ba ko bayan sun yi ginin bulo, saboda sanyinta. Idan za a yi ta, a nisanta ta da madafa, a kuma share busasshiyar ciyawar gangaren da zarar kaka ta wuce, domin wuta ta fi gudu idan tana hawa tudu.

Game da kuɗi, mai gini a gangare ya sani kaso mai tsoka zai tafi a abin da ba a gani: tushe, katangar tokare, lambatu. A nan ne ake jarabtuwa da ragewa domin a sami na tayil da fenti, alhali araha ba ta ado. Idan kuɗin bai isa duka ba, a fara da lambatun sama da katangun tokare da dakali ɗaya mai ɗaki biyu, sauran su biyo baya. Wanda kuma ya sayi filin da rani, ya daure ya bar damina ɗaya ta wuce kafin ya haƙa. Ya je wurin ana tsakiyar ruwan Agusta, ya kafa turaku a duk inda ya ga ruwa na bi, ya kai wa mai zanen takardar da turakun a jikinta.